Daga Zariya Zuwa Agadas da Duwatsun Abzin: Yadda Ake Shirya Tafiyar Hamada a Mota

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, tambayar nan takan dawo: ta yaya mutum zai tashi daga Zariya a mota ya kai Agadas, ya shiga duwatsun Abzin ya taka su da ƙafarsa, ya kwana a masauki mai kwanciyar hankali, sannan ya dawo wa iyalinsa lafiya? Masu tambayar sun haɗa da ɗalibai da malaman Samaru, da 'yan kasuwa, da waɗanda ke da dangi a Damagaram suke son ƙarasawa gaba. Ga matakan nan bi da bi. A bi su yadda aka jera su, domin wanda ya fara da gyaran mota kafin ya binciki lafiyar hanya yakan kashe kuɗinsa a banza.

1. Binciki lafiyar hanya

Wannan mataki shi ne ke yanke hukuncin ko za a tafi ko za a fasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Nijeriya da Nijar, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Ma'ana, ƙa'idar da wani ya tsallaka da ita shekaru uku da suka wuce ba lallai ita ce ta yau ba. Je ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano da ƙafarka, ka tambayi takardun da ake nema ga mutum da kuma mota.

Bayan ofis, sai ka nemi direbobin da ke bin hanyar Damagaram da Agadas duk mako. Su ne suka san inda kwalta ta fashe da inda aka tare mota a kwanakin nan. Ka tambayi mutum uku daban-daban, kada ka tsaya ga ɗaya. Sannan ka samu wani mazaunin Agadas da za ka riƙa waya da shi tun wata guda kafin tashi.

Gargaɗi: a farkon 2025 an sace Turawa biyu a cikin garin Agadas kansa, kuma 'yan fashi na tare hanyoyin da ke zuwa wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakatan. Idan hukuma ko mutanen gari suka ce kada a shiga Abzin a wannan lokaci, to a tsaya a Agadas, ko a ɗage tafiyar baki ɗaya. Dutse ba ya gudu.

2. Zaɓi lokaci

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu. A watannin nan zafin rana a Agadas yakan tsaya wajen digiri 28 zuwa 32, dare kuma ya yi sanyi sosai. A saman duwatsu har yakan kusa sifili. Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 42, kuma hawan dutse a lokacin ganganci ne da rai. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan da ya sauka a kan duwatsu yakan cika koramu cikin mintuna, ya yanke hanya. Ware kwana goma: biyu zuwa, biyu dawowa, ɗaya ko biyu a Agadas, huɗu a Abzin, sauran kuma na ko-ta-kwana.

3. Haɗa takardu

Na mutum: fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da katin rigakafin cutar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana goma da yin ta, don haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya katinsa bai nuna ba tukuna. A ƙara da rigakafin sanƙarau, tunda rani ne lokacinsa kuma hanyar gaba ɗaya cikin yankinsa take.

Na mota: takardar mallaka, lasisin mota, takardar ingancin hawa hanya, shaidar biyan kwastan, lasisin tuƙi na gida da na ƙasa da ƙasa, da inshorar da ke aiki a cikin Nijar. A bakin iyaka jami'an duwan, wato kwastan ɗin Nijar, za su ba motar takardar izinin shiga ta ɗan lokaci. Duba ranar ƙarewarta tun kana gaban teburinsu, ka tabbata ta rufe kwanakin tafiyarka har da rara.

Hattara: idan sunan da ke takardar mota ba na wanda ke cikinta ba ne, a taho da rubutacciyar takardar izini daga mai motar, mai ɗauke da hatimin kotu. Motar aro babu wannan takarda takan kwana a iyaka. A yi hoton kowace takarda kofi biyar, a raba cikin jakunkuna, a kuma ajiye hotonsu a waya.

4. Shirya mota

Har Agadas mota mai ɗan tsayi daga ƙasa za ta iya kai ka. Amma Abzin sai mai jan ƙafa huɗu, irin Hilux ko Land Cruiser, kuma biyu, ba ɗaya ba. Motar da ta mutu ita kaɗai a tsakiyar korama ba ta da mai ja. Idan ba ku da ta biyu, ku ajiye taku a masauki a Agadas ku ɗauki hayar ta 'yan gari da direbanta. Sau da yawa wannan ya fi sauƙi, ya kuma fi araha idan aka lissafa ɓarnar da duwatsu ke yi wa mota.

Kai motar wurin makanike mako biyu kafin tafiya, ba kwana biyu ba. A canja baƙin mai da matatarsa, da matatar mai, da matatar iska. A wanke lagireto, a matsa kowane tiyo da hannu. Wanda ya yi taushi ko ya tsage a cire shi. A duba fambel, birki, kuloci, shokozoba da batir. A saka giyar ƙafa huɗu a gwada ta a kan yashi, domin motoci da yawa a gari sun shekara ba a taɓa wannan giya ba, sai ranar buƙata a tarar ta ƙi shiga. Bayan gyara a yi tafiyar gwaji zuwa Kano ko Funtuwa a dawo. Kuskuren makanike a nan ya kamata ya bayyana, ba a bayan Tanut ba.

Kayan da za a loda:

- Sifiya biyu masu kyau, ba suɗaɗɗu ba
- Famfon iska mai aiki da batirin mota, da ma'aunin iskar taya
- Kayan faci na tayar da ba ta da tub
- Jak, da katako mai kauri da za a ɗora shi a kai, don kada ya nutse a yashi
- Shebur biyu, da faranta biyu na ƙarfe ko roba da ake sa wa ƙarƙashin taya
- Igiyar jan mota mai ƙarfi
- Fambel, fiyus, matatar mai da ta iska na ajiya, baƙin mai lita huɗu, man birki
- Sifana da filaya da waya da salatif
- Abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, waɗanda jandarmomi, wato jami'an tsaron Nijar da ke kan hanya, kan tambaya

5. Lissafin mai, ruwa da kuɗi

Daga Zariya zuwa Agadas kusan kilomita 850 ne, zuwa da dawowa 1,700. Hilux mai fetur da kaya tana shan kimanin lita 12 a kowane kilomita 100 a kan kwalta, wato lita 200 da 'yan kai. A cikin yashi da duwatsu shan yakan kai lita 20. Zagayen kilomita 500 a Abzin zai ci lita 100. Haɗa, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda ɓatan hanya da kafewa, ka samu wajen lita 375 ga kowace mota. Ninka wannan da farashin ranar, ka san babban kason kuɗinka.

Gargaɗi: kada ka tsallaka iyaka da jarkoki cike da fetur. Kwastan ɗin Nijeriya na ɗaukar hakan a matsayin fasa-ƙwauri, za ka iya rasa man har da motar. Cika tanki a Kano ko Kazaure, ka wuce da jarkokin ƙarfe babu komai ciki, ka cika su a gidan mai a Damagaram. Matatar man fetur ta SORAZ da ta fara aiki a 2011 tana kan hanyar Tanut, amma duk da haka an yi ƙarancin mai a Nijar a watan Maris na 2025. Ƙa'idar ita ce duk gidan man da ka gani da mai, ka cika, ko da tankinka rabi ne. Idan dole ta sa ka sayi na bumburutu a kwalba, tace shi da ƙyalle mai tsabta.

Ruwa kuwa, lita biyar na sha da uku na girki da alwala ga kowane mutum a rana. Mutum huɗu a kwana huɗu lita 128 ke nan. Ƙara na kwana biyu na ajiya, ya zama 192, wato jarka takwas masu lita 25. Wannan ban da na ɗan jagora da direba, kuma ban da lita 20 na lagireto. A raba jarkokin tsakanin motocin biyu, kada a zuba duka a tanki ɗaya, domin huda ɗaya ta isa ta kwashe shi cikin dare. Na ajiya ba a taɓa shi don wanka. Idan ruwa ya yi ƙaranci akwai taimama.

Kuɗi: canja naira zuwa sefa a Wapa a Kano, ka nemi ƙananan takardu na 500 da 1,000 da 2,000, saboda mai shayi a ƙauye ba shi da canjin 10,000. Kada ka dogara da katin bankinka. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana suna da rassa a manyan garuruwa, kuma su ne mafita idan guzuri ya yanke. Bayan mai, sauran kuɗin na tafiya ne a masauki, ɗan jagora, hayar mota, kuɗin hanya da ake biya a shingayen kwalta, da abinci. Duk abin da lissafi ya ba ka, ɗora sulusinsa a kai ka ɓoye daban.

Ga abin da ke rikita baƙo daga Nijeriya: a Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Idan mai kilishi ya ce "dala ashirin", sefa 100 yake nufi. "Dala ɗari" 500 ce. "Jika" 1,000. Idan ka yi shakka, ka ce a rubuta maka a waya.

6. Horar da jiki tun daga gida

Zariya ta yi sa'ar Dutsen Kufena. Mako shida kafin tafiya a riƙa hawansa sau biyu a mako da sassafe, da jaka mai nauyin kilo shida zuwa takwas a baya, sanye da ainihin takalmin da za a tafi da shi. Sabon takalmi shi ne ke fara kayar da mutum a rana ta farko, ya tayar masa da bororo a dunduniya. Mai ciwon suga, hawan jini ko ciwon ƙoda ya ga likitansa tukuna, ya kuma ɗauki maganinsa ninki biyu.

7. Rana ta farko: Zariya zuwa Damagaram

A bar Kwangila bayan sallar asuba. Tashar Yari, Kwanar Dangora, Kura, Kano. Daga nan Dambatta, Kazaure, Daura, sai iyakar Kongolam. An fi son wannan hanya a kan ta Jibiya da Maraɗi saboda matsalar 'yan bindiga a yammacin Katsina, ga shi kuma ta fi miƙewa. Duka tafiyar wajen kilomita 400 ce, amma iyaka kaɗai na iya cin awa biyu zuwa uku, don haka a yi ƙoƙarin isa can kafin azahar.

A ɓangaren Nijeriya a buga hatimin fita. A ɓangaren Nijar 'yan sanda su buga na shiga, duwan su ba mota takardarta. Kowane kuɗi ka biya, nemi rasit. Daga Matamaye zuwa gaba shingaye na da yawa. Rage gudu tun daga nesa, sauke gilashi, cire tabarau, ka yi sallama: "Ranka ya daɗe, barka da aiki." Hausa ce harshen da za ka yi amfani da shi kusan ko'ina, a 2025 ma an ayyana ta harshen ƙasa a Nijar. Takardar shingen kuɗin hanya kada a yar da ita, ana tambayarta a gaba.

Hattara: ba a ɗaukar hoton shinge, bariki, filin jirgi ko motar soja. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa a bar shi a gida. Ganinsa kaɗai cikin kaya ya isa ya sa a tsare ku.

A Damagaram a sayi layin waya na Nijar da fasfo, a sauke taswirar yankin Agadas a waya yadda za ta yi aiki babu intanet, a cika jarkoki, a kwana da wuri.

8. Rana ta biyu: Damagaram zuwa Agadas

Kusan kilomita 450 ne ta Tanut da Adarbisanat. A tashi da fitowar rana. Bayan Tanut gonaki na ƙarewa, garuruwa su yi nisa da juna, waya ta riƙa ɗaukewa. A sake cika tanki a Tanut. Inda aka bar kwalta aka koma burji mai kunya-kunya, kada a yi ta ja da gudu ashirin, motar za ta girgiza kamar ta wargaje. A nemi gudun da ta fi lafawa a kai, amma a sani birki ba ya kamawa sosai a irin wannan wuri. Duk bayan awa biyu a tsaya a taɓa tayoyi, a leƙa ƙarƙashin mota, a ƙara ɗaure kaya.

Wurin tsayawa a kula da ƙarangiya. Tana manne wa wando da safa da tabarmar sallah, cire ta kuma sai da haƙuri. A shimfiɗa a kan fili mai tsakuwa.

Gargaɗi: ba a tuƙin dare a wannan hanya. Raƙumi na kwanciya a kan kwalta, manyan motoci na tafiya da fitila ɗaya, 'yan fashi ma dare suke jira. Idan la'asar ta yi ba ku wuce Adarbisanat ba, ku kwana a nan.

9. Zaɓen masauki

A Agadas akwai otal irin na zamani, akwai kuma masaukai na ginin ƙasa a kusa da tsohon gari, inda hasumiyar babban masallaci mai tsayin mita 27 take, wurin da UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 2013. Masaukin ƙasa ya fi daɗi a hunturu, domin bangonsa na riƙe ɗumin rana ya sake shi da dare.

Kafin ka biya, shiga ɗakin. Buɗe famfo ka ga ruwa na zuwa, ka tambaya ko akwai tanki ko randa idan ya ɗauke. Duba gidan sauro ko ya yage. Tambayi abin da ake kunnawa idan wuta ta tafi, janareta ko sola, da ƙarfe nawa ake kashewa. Ka tabbata mota za ta kwana cikin gida mai ƙofa da maigadi. A yi magana a fili ko kuɗin na ɗaki ne ko na kowane kai, da ko karin kumallo na ciki. Za a ba ka takardar rajistar baƙi ka cike da lambar fasfo. Wannan doka ce, kuma masaukin da ba ya yin ta abin a guje shi ne. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayye ne, filogin Nijeriya mai ƙafa uku ba ya shiga, sai da adafta.

A cikin Abzin masauki ɗan sansani ne: ɗakin ƙasa ko bukkar tabarma, katifa a ƙasa, ruwa a bokiti. Ka taho da bargo mai kauri da zanen gadonka. Abinci sai an faɗa tun da rana ake dafawa.

10. Ɗan jagora da izinin shiga

Kada mutum ya bar kwalta ya nufi duwatsu babu ɗan ƙasa a gaban mota. Dalilan uku ne. Sawun mota na rarrabuwa goma a cikin korama guda, taswirar waya ba ta bambance su. Tun rikicin tawayen Buzaye na 2007 zuwa 2009 akwai wuraren da aka binne nakiyoyi, kuma 'yan yankin ne suka san sawun da ake bi. Na uku, ɗan jagora shi ne fuskarku a wurin mutanen ƙauye da jami'an tsaro.

A nemo shi ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista ko mai masaukin da kuka amince da shi, ba wanda ya tare ku a bakin kasuwa ba. Shi zai karɓo muku takardar izinin hanya daga hukuma, ya kuma gaya muku ko ana buƙatar rakiyar soja. A rubuta yarjejeniya: kwanaki, wuraren kwana, wa zai sayi mai, wa zai ciyar da wa, kuɗin jakuna. A ba da rabi a farko, rabi bayan dawowa. A bar kofin tsarin tafiyar a masauki da kuma wurin wani a Zariya, tare da ranar da idan ba a ji ku ba za a sanar da hukuma.

11. Tuƙi cikin yashi

A kan kwalta iskar taya na wajen 32 zuwa 35 a ma'auni. Da an zo yashi mai laushi a sauke ta zuwa 18, taya ta baje ta hau saman rairayi. Da iskar nan ba a wuce gudu arba'in, ba a kuma murɗa sitiyari da ƙarfi, domin taya na iya fita daga rim. Da an koma kan duwatsu a sake hura ta, in ba haka ba kaifin dutse zai yanka gefenta, yankan gefe kuwa ba ya facuwa.

A shiga yashi da giya ta biyu ko ta uku, ƙafa a kan totur daidai wa daida, ba a canja giya a tsakiya. Idan za a tsaya, a saki totur motar ta tsaya da kanta. Taka birki na tara yashi a gaban taya.

Idan ta kafe, ɗaga ƙafarka nan take. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ƙara wuta, taya ta yi ta haƙa har cikin motar ya zauna a ƙasa. Kowa ya sauka. A gwada komawa baya a kan sawun da aka zo. Idan ta ƙi, a kwashe yashi daga gaban tayoyi huɗu da ƙarƙashin mota, a ƙara sauke iska zuwa 15, a cusa faranta, a sa giyar ƙarfi mai alamar 4L, a ja a hankali. In za a ja ta da ɗaya motar, kowa ya matsa nesa da igiya, domin idan ta tsinke tana iya kashe mutum.

Allurar zafi ta hau? Tsaya, fuskanci iska, buɗe bonet, ka bar injin ya huce. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi. Kowace yamma a cire matatar iska a kakkaɓe. Kuma ba a kafa sansani a cikin korama, komai kyan yashinta.

12. Tafiyar ƙafa

Wurare biyu aka fi nema. Timiya na da nisan kilomita 200 da ɗoriya daga Agadas, yini guda cur a mota. Lambunan lemo da rumman da dabino ne a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, da wani tafki a ƙarƙashin dutse inda ruwa ke zubowa. Tafiyar ƙafa a nan mai sauƙi ce, ta dace da sabon shiga. Bagzan kuwa tudu ne babba da ake hawa da ƙafa, jakuna na ɗauke da kaya, kuma a kansa ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Nijar take, mita 2,022. Wannan sai a ware masa kwana uku aƙalla.

A fara tafiya da hasken asuba, a tsaya a inuwa daga sha ɗaya zuwa uku, a ƙarasa da la'asar. Kowa ya ɗauki lita uku a jakarsa ko da jakuna na tafe da ruwa, saboda jaki da mutum ba sa tafiya tare koyaushe. A riƙa kurɓa duk bayan minti ashirin, kada a jira ƙishi. Iskar wurin busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ka gan shi, shi ya sa mutum ke ƙarewa bai sani ba. Fitsari ne ma'auni: in ya yi ja ya ragu, ruwa bai isa ba. Tufafi masu faɗi da dogon hannu, da rawani irin na Buzaye mai rufe hanci da wuya, sun fi hula da ƙaramar riga nesa ba kusa ba. Guzurin jaka: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, cuku, man kaɗe na leɓe da dunduniya, tocila, ashana da usur.

Mai rauni a tafiya shi ke gaba, bayan ɗan jagora. Ba wanda zai ware shi kaɗai, ko don kama ruwa, sai ya faɗa. A sa lokacin juyawa tun kafin a fara hawa. Idan ya cika a juyo, ko da ana hangen saman.

Gargaɗi: ciwon kai, jiri, tashin zuciya da murɗewar nama alamun zafi ya fara cin mutum ne. A kwantar da shi a inuwa, a jiƙa tufafinsa, a yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da suga: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ya fara sambatu ko ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A ci gaba da sanyaya jikinsa, a nufi asibiti mafi kusa. Da safe a kakkaɓe takalmi da bargo saboda kunama, da dare kuma ba a tafiya babu tocila. Wanda maciji ya sara ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a ɗauke shi zuwa mota. Ruwan rijiya da na tafki a tafasa kafin a sha.

Idan aka gayyace ku shayi a ƙauye, ku zauna har zagaye na uku. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, musamman mata. Ganyen shayi da suga su ne tsarabar da ake jin daɗinta. Zanen da mutanen da suka sassaƙa a jikin duwatsu, irin raƙuman dawa na Dabus a hanyar Arlit, ba a taɓa su, ba a rubuta suna a gefensu.

13. Idan mota ta mutu, da kuma dawowa

Ku zauna wurin motar. Ita ce inuwarku da ruwanku, ita ce kuma abin da mai nema zai hango daga nesa. Ɗaya motar ta tafi da ɗan jagora ko direban gari neman taimako, a bar wa masu jira mafi yawan ruwan, a kuma faɗi lokacin da za a dawo. A ɗaura tampol a jikin mota, a rage motsi da rana.

Da kun fito Agadas, a mayar da iskar taya daidai, a ƙara ɗaure notin ƙafafu, a canja matatar iska, a duba ko wani abu na yoyo a ƙasa. A juye sauran man jarka cikin tanki kafin iyaka. A Kongolam a mayar wa duwan takardar motar su rufe ta, a buga hatimin fita da na shiga. Takardar da ba a rufe ba tana nuna motar na cikin Nijar har yanzu, kuma za ta tare ku a tafiya ta gaba. A lissafa tashi daga Damagaram yadda za a shigo Zariya kafin magariba.